Yadda Za Ka Ji Kiɗa Kamar Yadda Aka Buga Shi, Daga Tsohon Kaset Zuwa Lasifikar Ɗakinka

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da aka zo rabon kayan ɗakinsa, akwai wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado wadda babu wanda ya ko waiwaye ta. Da na ɓalle kwaɗon sai na tarar kaset-kaset ne cike maƙil, guda 140 da 'yan kai, kowanne da rubutun hannunsa a jiki, wani da boko wani da ajami. Yawancinsu kiɗan kalangu ne da na kotso, sai 'yan na garaya da kukuma da ya riƙa sayowa a hanya, don direban babbar mota ne. Saboda rubutun nan kawai na ɗauke adakar. Waƙoƙin kam ina da su a waya, an tura mini a kasuwa tun da daɗewa, kuma a ganina na san su ciki da bai.

Sai da na kai tsohuwar rakodarsa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu na gane ashe ban taɓa jin su ba. Ya kwance ta, ya hure ƙura, ya sauya wata 'yar roba da ta saki, ya goge cikin da auduga. Ya zaro kaset ɗaya ya saka, ya ɗauki siririn sukundireba ya ce, "Matso da kunnenka nan, ɗana." Yana murɗa wani ɗan noti kaɗan-kaɗan, sauti yana washewa kamar hazo ya fara yayewa da hantsi. Waƙar Shata ce da na ji ta fi sau ɗari. A waya ganga guda nake ji tana ta dukan wuri ɗaya. A nan sai ga kalangai suna amsa wa juna, kana jin lokacin da makaɗi ya matse igiyoyin a hammata muryar kalangun ta hau, ya sassauta ta sauko. 'Yan amshi suka rabu da juna, ashe akwai mai siririyar murya a cikinsu da ban taɓa sanin yana nan ba. Can baya kuma sanƙira yana ta zuba kirari. Na ce, "Baba, duk wannan dama yana cikin zaren?" Ya ce, "Yana nan tun kafin a haife ka."

Shekara shida ke nan ina bin wannan harka, na yi asarar kuɗi a wasu wurare, na tsinci dami a kala a wasu. Abin da na koya shi ne sauti kamar ruwan sha yake. Daga rijiya ake fara duba shi, sannan guga, sannan randa, moɗa ce ƙarshe. Mu kuwa yawanci moɗar muke fara saya, mu kwaso ƙatuwar lasifika mu jona ta da waƙar da ta riga ta gurɓace, sai mu yi ta mamakin abin da ya sa kai ke ciwo bayan rabin awa. Na'ura mai kyau ba ta ƙara abin da babu a cikin ɗaukar. Abin da ke ciki take fito maka da shi, mai daɗi da marar daɗi.

To fara da waƙar kanta. Idan kaset ne, tambayar farko ita ce kwafi na nawa ne. Duk sanda aka juya kaset daga wani kaset, ana ƙara masa wannan hucin na "shhh" kuma ana rage masa siririn sauti, wato kaifin murya da ƙarar bugun fata. Masu shagon kaset na da, saboda yawan masu saye, sukan juya da saurin da ya ninka na sauraro, wannan ma yana ƙara dakushe shi. Jikan kwafi ba ya taɓa kamo kakansa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: saurari 'yan daƙiƙun farko kafin kiɗa ya tashi. In hucin ya yi kauri kamar ana yayyafi a kan kwano, ka san zaren ya sha hannu. Waɗanda aka ɗauka daga rediyo, musamman a gajeren zango, su ma sautinsu a matse yake tun asali, don tashar ba ta aiko da kaurin ƙasa da siririn sama gaba ɗaya. In kana da waƙa ɗaya a kaset biyu ko uku, kada ka yi ƙyuya, saurare su ɗaya bayan ɗaya ka ware wanda ya fi.

Idan kuwa a waya ko memori take, akwai lamba da za ka duba. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana zubo sauti a kan kbps 1,411, wato ma'aunin yawan bayanan sauti da ke fitowa a kowace daƙiƙa. MP3 matse wannan yake yi, ya zubar da abin da yake ganin kunne ba zai yi kewarsa ba. A kan 320, wanda shi ne ƙololuwarsa, ni dai ba na iya rarrabe shi da CD. A kan 128 ana ji, ba laifi. Daga 64 zuwa ƙasa kuwa sai ka ji tafi da kacau-kacau sun koma kamar ana murza leda. Ba sai ka iya kwamfuta ba, girman waƙar ya ishe ka lissafi. A 128, kowane minti ɗaya yana cin kusan MB 1. Waƙoƙin mutanenmu na da dogaye ne, sai ka ga ta minti 30. In ka duba ka ga MB 7 ce kacal, to a wajen 32 take, an tatse ta sai ƙashi. Haka na tarar da yawancin waɗanda ke wayata.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa zai "ɗaga" maka ita zuwa 320. Zai ƙara mata nauyi ne kawai, kamar a juye kofin kunu a cikin bokiti. Abin da aka zubar ya tafi. Haka waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka ɗora a status, wani ya sauke, ya sake mayar da ita MP3, kowane zango sai ta bar wani abu a hanya. In za ka aika wa ɗan'uwa waƙa mai kyau ta WhatsApp, aika ta a matsayin Document, za ta isa yadda ka tura ta.

Yanzu sai rakodar. A nan na fi son ka nutsu, don tsohon zare ba ya yafe ganganci. Kafin ka saka kaset mai daraja a kowace na'ura, gwada ta da wanda ba ka damu da shi ba, ka ga ko tana taunawa. Sannan dubi saman kaset ɗin, akwai 'yan harsuna biyu na roba a kusurwoyi. Ɓalle su. Muddin babu su, maɓallin ɗauka ba zai danne ba, yaro ba zai shafe maka waƙar shekara arba'in da kukansa ba. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi baya sau ɗaya kafin ka kunna, don zaren ya saki jiki. In ka ji ya cije, kada ka tilasta wa na'ura, sa biro ka juya a hankali. Leƙa kuma tsakiyar bakinsa, bayan zaren akwai wani ɗan soso mai kama da auduga a kan siririn ƙarfe. Shi ke danna zare a jikin kan na'ura. Yakan faɗi saboda tsufa, kuma in babu shi sauti sai ya dushe ko ya ɓace. Ana ciro na wani mataccen kaset a manna.

Buɗe murfin rakodar ka duba ciki. Ƙarfen nan mai sheƙi da ke tsakiya shi ne kai, masu gyara suna ce masa hed. Kusa da shi akwai siririn sandan ƙarfe da 'yar tayar roba baƙa, su ke jan zare. Naɗa auduga a tsinken ashana, ɗan jiƙa ta da sifirit mai tsabta na kemis, ka goge kan da sandan har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa-ƙasa. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da yawu. Tayar robar kuwa goge ta sama-sama, kada ka jiƙa ta sharkaf, ka bari komai ya bushe kafin ka saka kaset. Tsofaffin zare suna zubar da gari, don haka ni bayan kowane kaset uku ko huɗu nake sake gogewa, da hunturu ma fiye da haka.

Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, gudun zare ɗaya ne a ko'ina, santimita 4.76 a daƙiƙa. In ka ji muryar mawaƙi tana rawa kamar mai jin sanyi, ko algaita tana lilo, yawanci ba laifin kaset ba ne, bel ɗin roba da ke cikin na'urar ne ya saki. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kai wa mai gyara. Akwai kuma maɓalli mai suna Dolby a jikin wasu na'urori. An yi shi ne don rage huci, amma sai in da shi aka ɗauki kaset ɗin. Kaset-kaset ɗin Baba ban ga ko ɗaya mai alamarsa ba, in ka danna shi sai ka ji kamar an rufa wa mawaƙin bargo. Bar shi a kashe.

Sai ɗan notin nan da dattijon ya murɗa. Yana gefen kan na'ura, shi ke daidaita tsayuwar kan a kan zare. Kowane kaset an ɗauke shi ne da na'urar da kanta ke da irin tata karkatar, in taka ba ta dace da waccan ba, siririn sauti shi ke fara gudu. Ga yadda ake yi. Ɗiga alama da biro a inda notin yake tsaye, don ka iya komawa. Kunna kaset, in akwai maɓallin mono, mai haɗe sautin hagu da na dama wuri ɗaya, danna shi, don a nan bambancin ya fi fitowa. Murɗa kaɗan zuwa dama, abin da bai kai rubu'in zagaye ba, ka saurara. Dawo hagu, ka saurara. Kunnenka ya bi ƙarar bugun fata da harafin "s" a bakin mawaƙi. Akwai wuri ɗaya tak da za ka ji sun fi kaifi, kamar an buɗe taga. Tsaya nan. Ka tabbata sukundireban ba mai maganaɗisu ba ne. Wannan aikin na minti biyu ya fi duk wata lasifika da na taɓa saya amfani a kan kaset-kaset ɗin nan.

Maganar lasifika da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti kafin ya isa lasifika, ba za ta yi tsawo ba, don abin da ake buƙata kaɗan ne. Rabu da rubutun kwali mai cewa wat 3,000 ko 5,000 PMPO, lambar talla ce. Wadda ake kamawa ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore, kuma wat 20 zuwa 40 a kowane gefe ya wadaci ɗakin zama. Ko ka ninka wat sau biyu, ƙarar kaɗan take ƙaruwa, sai ka ninka kusan sau 10 kunne ke jin ta ninku. Ni nawa amfilifaya ne na gwanjo da matsakaitan lasifiku biyu na katako, daga Sabon Gari. In za ka saya, tafi da waƙar da ka haddace, wadda murya ta fi yawa a cikinta, ka roƙi mai shago ya rage ƙara. Kowace lasifika tana burgewa in an ƙure ta, a ƙasa-ƙasa ake gane ta gari. Cire ragar gaba ka duba zoben da ya kewaye bakinta ko ya ruɓe. Danna tsakiyar babbar lasifikar da ke jikin akwatin a hankali da yatsu, in ka ji tana gurzar wani abu, bar ta. Kara kunne a 'yar ƙaramar ta sama ka tabbatar tana magana, don ita ce ta fi yawan mutuwa a kayan gwanjo. Sannan dubi lambar om a bayanta, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, 4 ko 6 ko 8, kada ta gaza abin da aka rubuta a bayan amfilifayar.

Abu ɗaya da har yau nake jin zafinsa: amfilifayata ta farko ko minti ɗaya ba ta yi ba a gidana. Mai shagon ya gwada mini ita ta cikin taransifoma bai faɗa mini ba, na zo gida na soka ta a bango, sai ƙauri da hayaƙi. Wutarmu bolt 220 zuwa 240 ce. Kayan da aka yi wa Amurka 120 suke sha, na Japan 100. Juya bayan na'ura ka karanta da idonka kafin ka biya. In kuma wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, ka haɗa da sitabilaiza, ka riƙa kashewa da zarar an ɗauke, kada dawowarta ta same ta a kunne.

Maɓallin bes kuwa, wato mai ƙara kaurin sauti, don Allah bar shi a tsakiya. Na san samari suna son jin ƙirji yana girgiza, ɗan yayana in ya zo sai ya ce, "Kawu, ai ba ta bugawa." Amma kiɗanmu ba a nan daɗinsa yake ba. Ka tuna kuntigin Ɗan Maraya Jos, gwangwani ne da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya. Wane bes za ka nema a ciki? Shi da garaya da kukuma da muryar mutum duk a tsakiyar sauti suke zaune, in ka cika bes sai ya danne su kamar an zuba wa miya ruwa. Kalangu ma maganarsa a hawa da saukar murya take, ba a rugugi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗakin kansa, kuma shi kyauta ne. Tsaya a tsakiyar ɗakinka ka yi tafi ɗaya mai ƙarfi. In ka ji wani ziriri ya biyo baya, bangon siminti da tayil suna yi maka amsa-kuwwa, kuma haka za su yi wa kowace waƙa. Shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninka da lasifiku, ka saki labule, ko katifar da aka jingine a bango tana taimakawa. Sauke lasifikun daga saman kabad, ɗauke su kuma daga ƙasa, ka ɗora su a kan wani abu mai ƙwari yadda 'yar ƙaramar ta sama za ta yi daidai da kunnenka in kana zaune. Mai zama a tabarma nasa zai fi na mai kujera ƙasa. Raba su kamar mita 2, kai ma ka zauna mita 2 daga kowacce, kamar duwatsun murhu uku, ka ɗan karkato fuskokinsu gare ka. Janye su daga bango kamar kamu ɗaya, kuma kada ka cusa su a lungu, lungu yana kumbura bes. Duba wayoyi: ja a ja, baƙi a baƙi, a duka biyun. In ɗaya ta juye, sauti zai yi fayau, muryar ta rasa mazauni. In komai ya daidaita, ka rufe ido za ka ji mawaƙin a tsakiya, a inda babu lasifika ko ɗaya. Ranar da na fara jin haka sai da na tashi na taɓa bangon.

Fanka da janareto suna cinye ƙananan sautuka, shi ya sa na fi saurare bayan isha'i, gari ya yi tsit. In kuma kana jin wani gurnani "mmmm" ko da babu waƙa, yawanci wayar sauti ce ta kwanta a jikin wayar wuta ko caja, raba su.

Wanda ba shi da halin duk wannan, iyafis mai waya na kirki ya fi lasifikar waya nesa ba kusa ba, ya kuma fi yawancin ƙananan akwatunan Bluetooth masu baki ɗaya. Sai dai a ji tausayin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarar desibel 80, kuma in ƙarar ta haura, lokacin raguwa yake yi da sauri. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce gona da iri. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Zare ba ya dawwama, don haka duk kaset ɗin da ka daidaita, kwashe shi a kwamfuta a zaman nan. Kada ka kara waya a bakin lasifika, za ka ɗauko har da kukan akuya. Ja waya daga ramin da aka rubuta Line Out a bayan rakodar zuwa kwamfuta. Yawancin laftof na yanzu ramin makirufo kawai gare su, shi kuwa yana ɓata sauti, sai ka nemi ɗan akwatin sauti na USB mai Line In. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa. Saita ta a 44,100 da bit 16, irin na CD. Nemo wurin da kiɗa ya fi tashi ka daidaita ƙara yadda ma'aunin zai tsaya wajen -6, kada ya kai wurin da launinsa ke komawa ja, don sautin da ya fashe a ɗauka ba ya ɗinkuwa. Adana a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, minti ɗaya kusan MB 10, kaset mai minti 90 ya kusa MB 900 ke nan. In wuri ya yi maka kaɗan mayar da shi FLAC, yana raguwa sosai ba tare da an zubar da komai ba. Wannan shi ne uwa, ka ajiye ta wuri biyu, daga jikinta za ka riƙa cire MP3 na waya. Akwai wurin rage huci a manhajar, ni na daina taɓa shi sai kaɗan, don in ka matsa sai mawaƙin ya koma kamar yana waƙa a cikin randa. Gara hucin. Kaset ɗin kuma mayar da shi gidansa, ka jera su a tsaye a inuwa, nesa da lasifika saboda maganaɗisun cikinta.

In waƙa ta ƙare kada ka yi saurin tsayarwa, bar zaren ya tafi har ya tsaya da kansa. Akwai wani kaset a adakar da ya fi kowanne munin sauti, daga rediyo aka ɗauke shi, tashar tana zuwa tana tafiya, na rasa abin da ya sa Baba ya naɗe shi a ƙyalle shi kaɗai. Na bar shi yana juyawa na tafi alwala. Da na dawo na duba abin da ya shiga kwamfuta, sai ga muryar mai gabatarwa bayan waƙar, yana karanta katin gaishe-gaishe, ya ambaci sunan Baba da tashar motar da yake lodi, yana gaida amaryarsa da ke gida. Na kai wa Inna a waya da iyafis, na sa mata a kunne. Ta ji ta ce in mayar baya. Na mayar sau uku, sannan ta faɗa mini shekarar da watan, na rubuta su a sunan fayil ɗin. Saura kaset 52 ban kwashe ba, kuma bel ɗin rakodar ya fara saki, gobe zan koma wurin dattijon.